Wa Zai Yi Shelar Umara?

Ban gama zama a cikin kwalekwalen ba Gumsu ta ɗora mini lasifikar ubanta Umara a cinya.

"Kawu Auta, don Allah ka yi sauri. Liman ya ce ba za a wuce azahar ba."

Da sanyin safiyar nan Umara ya cika, a ajin firamaren da ambaliya ta koro mu. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu kafin ruwa ya cinye katangar da gidajen duka.

Duk wanda ya tashi tsakanin Kirikasamma da Baturiya ya san muryarsa. Shi ne mai shelar mutuwa, a kan keke, lasifika a rataye. Kuma ba irin shelar "wane ya rasu, a zo jana'iza" yake yi ba. Sai ya faɗi uban mamaci da kakansa, da rijiyar da ya haƙa, da marayun da ya riƙe, har manomi ya ji kunyar ci gaba da noma ya ajiye fartanya. Ko marowacin da kowa ya sani, Umara sai ya lalubo masa wani alheri. Nakan ce masa ranar tawa ya rage gishiri, kada mutane su ɗauka wani Autan ne daban.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ba mutuwar ce ta dame shi ba. Jama'a sun watse, wasu Haɗeja, wasu Malam Madori, wasu a kan tudun da suka samu, wayoyi duk sun mutu ba caji. Shi kuwa daga wajen tafkin Cadi ya zo tun yana saurayi, ba shi da kowa a nan sai 'yarsa Gumsu. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Auta, na raka kowa. Kada a binne ni kamar baƙo." Na yi masa alkawari.

Haka na tura kwalekwale cikin ciyawar kacalla da ta toshe hanya, ina sara ina turawa har tafin hannuna ya saɓule. Da na kusa tudun farko na kunna lasifikar. Ta yi ƙara, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Sai lokacin na gane ko sunan ubansa ban sani ba. Mutumin da ya san kakan kowa bai taɓa ba da labarin kansa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wata tsohuwa ta leƙo daga ƙarƙashin tampol, ta kare ido da hannu.

"Umara, wa kuma muka rasa?"

Kuka ya ƙwace mini, a cikin lasifikar, kowa yana ji. Da ƙyar na ce, "Shi ne, Iya." Iyakar shelar da na iya ke nan, kuma ta isa. Maza suka fara kwance jiragensu.

Da na juya daga nan, da mun isa a kan kari. Amma duk sanda na waiwaya sai in ga mutanen ba su kai ba, ba su kai waɗanda Umara kan tara ba. Na ƙara wani tudun, na ƙara wani. Rana ta take tsaka ina cewa saura ɗaya.

Da muka iso tudun makarantar, jirage a bayana har bakin kacalla, na hango Liman Abdulfattah zaune da taɓo har gwiwar hannu. Ya ce ruwa ne ya ɓullo ta ƙasan kabarin. Sun yi ta kwalfewa da roba suna duban hanya, har gefe ya fara zabtarewa, dole suka sallace shi suka rufe. Sahu ɗaya ma bai cika ba. Na roƙe shi a sake sallar, na roƙa kamar zan durƙusa. Ya ce ba a maimaita ta, sai dai addu'a.

Ban iya duban tagar ajin da Gumsu take tsaye ba. Mutane suka yi ta saukowa daga jirage, suka jeru a gaban jiƙaƙƙiyar ƙasar, suka ɗaga hannu. Tudun bai ɗauke su ba. Na baya a cikin ruwa suka tsaya, har gwiwa.