Jitar Ozell a Bakin Coci

Mama Vernice na cikin juya tarwaɗa a kasko Shawnta ta faɗo kicin ɗin, kwamfuta a hammata, idanu jawur. Yarinyar daga Chicago ta zo Mississippi ɗaukar fim kan tsofaffin makaɗan bulus, kiɗan baƙar fatar Amurka, ga shi wanda ta fi ji da shi, Ozell maƙwabcin Vernice, ya cika da safen nan.

Roƙonta ɗaya ne, a bari a kaɗa jitarsa a coci ranar jana'iza. Vernice ce uwar matan coci, abin da ta hana ko fasto bai isa ya tsallake ba. Ta ce sam, kiɗan mashaya ba ya shiga ɗakin Ubangiji. Balle Ozell, wanda zamanin da ake lakaɗa wa baƙar fata duka kan rajistar zaɓe, shi yana can yana sa 'yan giya rawa kowace Asabar. Har mijinta, marigayi Cleotis, ya ja cikin shashancin.

"Mama, kalli wannan kawai, sai ki kore ni," in ji Shawnta.

Sai ga Ozell a allon kwamfutar, kwance, ya rame kamar sillen kara, yana dariya.

"Ni ban taɓa fita zanga-zanga ba, 'yata, tsoro nake ji. Aikina in toshe kunnen 'yan sanda da kiɗa. Cleotis na ɗakin bayan mashayar yana koya wa mutane jarrabawar da ake yi wa baƙar fata kafin rajistar zaɓe. In zai tafi sai ya watsa wa rigarsa giya, kowa ya ɗauka shan giya ya je."

Kan Vernice ya ɗaure. Ozell fa maƙaryaci ne na bugawa a jarida, shi ya taɓa rantsewa ya kama kifin da ya fi alfadari girma. To amma Cleotis? Ta yi ta ƙoƙarin tuna ko warin daga bakinsa yake ko daga riga, abin ya gagara. Ba ta taɓa barinsa ya matso ba. Daga jin warin take sa sakata, ya kwana a baranda, da safe kuma ba ya kare kansa. Duk wanda za ta tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. Ta rasa wa za ta ji haushi, Ozell, ko Cleotis, ko kanta.

"Jita ba za ta shiga ba," ta ce can. "Ku tsaya a kan matakala. Ba wanda zai rufe ƙofa."

Ranar Asabar wani tsohon abokin Ozell ya zauna a matakalar coci yana jan tsirkiyar jitar marigayin a hankali. Vernice ta bar kujerarta ta gaba ta koma bencin ƙarshe, cikin farar rigarta, ta tokare ƙofar da ƙafa don kada iska ta turo ta.