Awa Biyun Ƙarshe na Lawal

Mota ɗaya ce ta kashe Lawal da Okey a hanyar Kaduna, ranar wata Talata da hantsi. Lawal makanikin keke ne a Tudun Wadan Zariya, Okey kuma shi ke da shagon kayan gyara a jikin garejinsa. Shekara goma sha ɗaya suna gidan haya ɗaya, bango ne kawai tsakanin ɗakunan matansu, Rakiya da Obianuju. Tare suka tafi sarin kaya. Okey nan take ya cika, Lawal kuwa sai da ya yi awa biyu a asibiti.

Rakiya ba ta samu ko minti ɗaya daga cikin awa biyun nan ba. Tana gidan suna a Dutsen Abba, wayarta a jaka, jakar a ƙarƙashin tulin mayafai. Obianuju aka samu. Ta je aka nuna mata gawar mijinta, sai wata nas ta ce ɗayan yana da sauran numfashi, ko ta san shi? Ta zauna a bakin gadonsa har rai ya yi halinsa. Kafin Rakiya ta sauka daga acaɓa a ƙofar asibitin, an riga an lulluɓe shi.

Rakiya ta shiga takaba. Obianuju ta raka gawar Okey can garinsu a kudu, ta yi sati uku ta dawo da ɗanta Tochi, ta buɗe shago ta ci gaba da sayar da kaya. Duk Alhamis da la'asar matan cocinsu sukan zo, su cika ɗakinta, su yi ta waƙa da tafi. In maƙwabta suka yi mata gaisuwa, sai ta ce, “Ya tafi gida, yana wurin Ubangiji,” kamar mai ba da labarin wanda ya sauka lafiya a tasha.

Wannan maganar ce ke ci wa Rakiya rai. Ita da ta idar da salla sai ta ɗaga hannu ta roƙa wa Lawal sauƙin kabari, amma ba ta san halin da yake ciki ba. Mutumin kirki ne, ta sani. Ta kuma san sau nawa aiki ya sa ya haɗa azahar da la'asar, ta san ranakun da barci ya cinye masa asuba. Tana zaune a kan darduma tana tuna waɗannan, ga muryar Obianuju ta bayan bango tana tashi garau, babu ko rawa. Mutuwa ɗaya, rana ɗaya, mota ɗaya, amma wata ta samu natsuwa ita ta samu fargaba.

Rauda, ƙanwar Lawal, ta ƙara hura wutar. Ta zo ranar sadakar arba'in, ta ja Rakiya gefe.

“Yaya Rakiya, kin kuwa tambaye ta abin da ya faru? Ki duba fa, babu musulmi ko ɗaya a kansa da zai laƙƙana masa kalmar shahada. Waɗannan 'yan wa'azin ba sa barin dama ta wuce su. An ce har hannunsa ta riƙe.”

“Wa ya ce?”

“Nas ɗin 'yar unguwarmu ce a Kwangila.”

Daga ranar Rakiya ta daina fita tsakar gida in ta ji motsin Obianuju. Hannun da ita ta sani shekara sha huɗu, mai kanta da baƙin mai a ƙarƙashin farce, wata ce ta riƙe shi a ƙarshe. Kalmarsa ta ƙarshe tana kunnen wata. Da, su biyun har cefane suke haɗawa, Obianuju ce ma ta kwana da ita a asibiti lokacin haihuwar ɗanta Adnan. Yanzu in ta aiko da miya, sai Rakiya ta ce an gode, ta juye wa yara, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi.

Ranar wata Asabar da safe Rakiya na wanki a bakin famfo, sai ga Obianuju da bokiti. Babu hanyar kaucewa. Suka gaisa sama-sama. Obianuju, wadda a Zariya aka haife ta, Hausarta ba ta da gyara, ta dube ta ta ce, “Maman Adnan, kin rame. Ina jin kukanki ta bango. Da za ki bari in gaya miki abin da Yesu ya yi mini, da kin huta.”

Rakiya ta saki rigar da take cuɗawa.

“Abin da kika gaya wa mijina ke nan?”

Obianuju ta ajiye bokitin.

“Wata uku ina jira ki tambaye ni,” in ji ta.

“To na tambaya. Kin yi masa wa'azi?”

“Na yi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga zai tafi, kuma ni abin da na yi imani da shi ke nan: wanda ya karɓi Yesu ya tsira, wanda bai karɓa ba ban san masa wata hanya ba. In na ga gida na ci da wuta ai ba zan yi shiru ba. Na ce masa, Baban Adnan, ka kira Yesu.”

“Me ya ce?”

“Ya buɗe ido ya ce, Maman Tochi, har a nan ma?”

Rakiya ta ji muryarsa sak a cikin maganar, yadda yake jan ƙarshen kalma in yana tsokana. Ta sunkuyar da kai. Ko wannan 'yar dariyar ma wata ce ta samu.

“Sai me?”

“Ya tambayi Okey, na ce yana ɗaya ɗakin. Ya ce a kira ki, na kira ki sau tara. Daga nan bai ƙara magana da ƙarfi ba, bakinsa dai na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba. Can sai ya ɗaga yatsa ɗaya, wannan manunin, yana nuna sama. Na ɗauka zafi yake ji, fanka yake so. Na tashi na je na roƙi nas ta kunna. Kafin in dawo ya tafi.”

“Wane hannu?”

“Na dama. Na hagun ne a hannuna.”

Rakiya ta zauna a kan kujerar tsuguno. Ta san abin da musulmi ke nufi in ya ɗaga wannan yatsa. Ta kuma san Lawal mutum ne mai jin zafi, ko da sanyi sai ya kunna fanka. Ta yi ta juya abin a ranta, ta kasa tsayar da shi wuri ɗaya.

“Ke kin ji daɗi,” ta ce a ƙarshe, muryarta da ɗaci. “Naki yana aljanna, kin gama magana. Mu ba mu yanke wa kowa. Tsakanin fata da tsoro muke har mu ma mu tafi.”

Obianuju ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta da daɗin ji.

“Yaushe rabon da ki ga Okey ya bi ni coci? Shekara shida. Kin manta abin da yake ce wa mijinki in suna gardama a ƙofar gida? Mutum kamar inji ne, in ya buga ya buga. Da wannan maganar ya mutu, iyakar sanina.”

“To waƙar fa? Da cewa ya tafi gida?”

“Me zan ce wa Tochi? Ina gaya wa kaina ƙila da motar ta juya ya kira sunan Ubangiji. Ƙila. Na tambayi fasto ko in yi azumi dominsa, ya ce wanda ya mutu an rufe littafinsa, addu'a ta masu rai ce.” Ta share fuska da bakin zanenta. “Ke duk Juma'a kina soya ƙosai ki rabar, ki ce ladan ya je masa. Ina jin ƙamshin daga ɗakina. Ban yarda yana zuwa ba, Maman Adnan, amma ke kina da abin yi. Ni sai in rufe taga.”

Famfon ya cika bokitin har ya fara zuba. Rakiya ce ta miƙa hannu ta kashe.

Ba a ranar abin ya bar zuciyarta ba. Sati biyu tana kiran Obianuju ɗakinta tana sa ta maimaita labarin: wane gefe ya juya kansa, idonsa a buɗe ko a rufe, yatsan ya daɗe a sama ko kuwa. Obianuju ba ta taɓa ƙara ko rage komai ba, ko ranar da Rakiya ta ce mata, “Ki tuna da kyau, ba ki ji ya ce Allah ba?” Ta ce ba ta ji ba. Rakiya ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba saboda wannan amsar.

Da Rauda ta sake zuwa, Rakiya ta gaya mata zancen yatsan, ta ɓoye sauran. Rauda ta yi hamdala ta tafi ta shaida wa dangi cewa yayanta ya cika da imani.

Bayan Rakiya ta fita takaba da wata biyu, dangin Okey suka zo suka sayar da shagon. Obianuju ta tattara kayanta za ta koma kudu da Tochi. Rakiya ta raka su tasha a keke, ta riƙe mata jakar hannu yayin da ake ɗaure katifa a saman mota. Obianuju ta ce za ta ci gaba da yi mata addu'a ta ga haske. Rakiya ta ce ita ma haka, kuma tata ce za a fara karɓa. Motar ta tashi wajen ƙarfe tara, Rakiya ta biya kasuwar Tudun Wada ta sayo wa Adnan takalmin makaranta.