Kwalbar da Inna Ta Wanke

Kwalba biyu na taho da su gida Tasawa da yajin aiki ya rufe mana labo, ɗakin bincikenmu na jami'a, a Yamai. Ban yarda in bar su a can ba, wai ni mai hankali.

Duk biyun baƙin gari ne a ciki, tsatsar jan ƙarfe, mai ƙwayoyin da ido ba ya gani sai da madubin labo. Amma ba ɗaya suke ba. Na kwalbar farko a hankali na dafa su, ina ɗiga ruwan soda kaɗan-kaɗan, suka fito sirara kamar allura. Na biyun na ba su wuta sosai, suka dunƙule. Abin da zan tsaya in nuna wa malamaina ke nan, cewa masu siffar allura sun fi saurin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan rijiya. Damina da rani na ƙare a kan wannan, kuma in babu kwalaben nan biyu, babu digiri.

Na ɗora su bisa kantar kwanoni a ɗakin Inna, na ce kada kowa ya taɓa, na tafi Kona gaisuwar rasuwa.

To, Inna mace ce da ba ta iya ganin mazubi biyu kowanne rabi. Gishiri, kanwa, man gyaɗa, duk sai ta juye wannan cikin wancan ta sami na banza. Na san halinta tun ina goye, kuma shi ne na manta.

Da na dawo kwalba ɗaya na tarar, cike har wuya. An ma girgiza ta don ta zauna da kyau.

Na tambayi ƙanwata Safi ina take aka yi wannan aika-aika, ta ce ita waya take dannawa. Na zazzage mata duk abin da ba zan iya faɗa wa Inna ba, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wa zai zauna ya tsince allura daga dunƙule a abin da ido ba ya gani? Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu.

“Mi ya yi zahi haka, Hanan? Na duba da kyau, duk baƙi ɗaya na. Ko ƙwaya ban zubar ba.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya fi ƙona min rai.

Sai ta miƙo min ɗaya kwalbar. Ta wanke ta, ta shanya, ta cika ta da yajin da ta wuni tana daka min na komawa makaranta, ta naɗe bakin da leda. Yajin ma ba zai ciwu ba, don guntun jan ƙarfe ba ya fita da sabulu.

“Ki riƙa ci da shi, kin rame,” ta ce.

Na sa hannu biyu na karɓa.