Fararen Ƙarafan Abha

Mu biyu muka sauko da Malam Badamasi daga gaban motar, ni da direban, wani Bapakistane da ya tuƙo shi tun daga Abha, garin kan dutse a kudancin Saudiyya, bai tsaya ba sai shan mai. Rana ta take, kwaltar unguwarmu ta Al-Sulay a Riyad tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, amma shi rawar ɗari yake. Idanunsa sun yi rawaya. Hannu ɗaya ya dafe cikinsa ta hagu, ɗayan kuma ya rungume wani gwangwanin madara. Na ce ya ba ni in riƙe masa, ya ƙi. Na ce mu wuce asibiti, ya ce in kai shi ɗaki tukuna ya yi azahar. Raina ya ɓaci, na ce masa a asibitin ma akwai alƙibla, na tare tasi.

Ɗakinsa yana jikin nawa a gidan ma'aikata. Bangon da ya raba mu bai fi kwali ba, in ya yi atishawa ya yi hamdala, daga kan katifata nake amsa masa da yarhamukallahu. Ni Bashari, motar ɗaga kaya nake tuƙawa a wani sito. Shi bakanike ne a garejin wani Balarabe da muke kira Abu Mish'al, inda ake gyaran dabbab, baburan nan masu ƙafa huɗu da samarin Riyad ke tsere da su a rairayi. Mutumin Funtua ne, siriri, ya doshi hamsin, ba ya son hayaniya amma shi ne ya fi kowa damun gidan.

Damun kuwa ranar Juma'a ne da safe, lokacin da kowa ke rama barci. Sai ya zauna a bakin ƙofarsa da magagari yana gurzar waɗansu 'yan ƙarafa kamar ɗan yatsa. Su ne ke cikin kulocin dabbab. In inji ya ɗauki juyi sai su buɗe su matse bel, babur ya tafi. Ya sha bayyana mini, ko ban tambaya ba, cewa a nan ƙasa iska tana da kauri, inji yana da ƙarfi, masu nauyi ake sawa. In aka hau dutse kuwa iska ta yi siriri, ƙarfin inji ya ragu, to sai a sa marasa nauyi, in ba haka ba injin ya shaƙe, bel ya yi zafi ya ƙone. Na Riyad yana ɗiga musu jan fenti, na dutse fari. A waya ya ƙara ilimin, wurin waɗansu Turawa masu hawa duwatsun ƙanƙara da babur maras taya, wai kulocin iri ɗaya ne. Nakan tsokane shi in ce mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firij ya zama malamin ƙanƙara. Sai ya yi dariya ya ci gaba da gurza.

Yana da sikila, irin mai sauƙin nan da takan bar mutum ya manyanta. Mu uku muka sani a duk Riyad: ni, da Ghali, da Munirat, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ilorin da ta taɓa kula da shi. A gabanmu ta ja masa kunne cewa kada ya kuskura ya kwana a wuri mai tudu irin Abha, jininsa ba zai ɗauka ba. Ya ce mata ya fi ta sanin wannan, shi ma injin ƙasa ne. Abu Mish'al bai sani ba, don ranar da ya sani ranar zai buga masa huruj, wato fita ba dawowa.

Ghali ƙanin matarsa Hajjo ne, magidanci mai 'ya'ya. Badamasi ne ya yi ta yi wa Abu Mish'al magiya har ya samo masa biza, ya koya masa aikin tun daga riƙe sifana. Kwano ɗaya suke ci. Ba na jin Ghali ya taɓa sayen sabulu tunda ya zo ƙasar nan.

A shekarar da aka tsananta wa masu ɗaukar baƙin ma'aikata, Abu Mish'al ya tara su ya ce iƙamar mutum ɗaya kawai, wato takardar izinin zama, zai sabunta tsakanin Badamasi da Ghali. Bai faɗi ta wa ba. Ana cikin haka ya sami kwangilar kai dabbab Abha, a riƙa ba masu gudun zafi haya a kan dutse. Badamasi ya yi Juma'o'i yana gurza, har na yi barazanar jefa magagarin a bola. Da hannunsa ya sa fararen ƙarafa a kowane babur kafin a loda. Ghali ne zai bi su ya kula da su. A gabana ya dafa kafaɗar Badamasi ya ce, "Yaya, ko kusa da dutsen nan ba za ka je ba, ina raye."

Ba a yi mako ba waya ta zo. Baburan ba sa hawa, bel sai ƙonewa yake, masu haya suna zagi. Ghali ya ce ya yi iya yinsa, abin ya fi ƙarfinsa. Abu Mish'al ya ce Ghali ya sauko ya riƙe gareji, Badamasi ya hau. Na bi shi har ɗaki ina faɗa, na ce ya gaya wa mutumin nan gaskiya, huruj ai ba mutuwa ba ce. Ya ce gida biyu ke ci daga hannunsa, kuma aikin yamma ɗaya ne, ɗan gyara kaɗan ya juyo a ranar, ba zai kwana ba. Har kare Ghali ya yi, wai rikicewa ce ta sabon wuri. Ya tafi, sai da ya shafe kwanaki a can.

A asibiti suka ce saifarsa ta lalace, ciwon kuma ya hau ƙirji. Aka sa masa jini da robar iska. Munirat ta zo ta tsaya a kansa, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa ta gyara masa matashi. Gwangwanin yana gefen gadon, ya hana a taɓa.

Washegari da la'asar ya ɗan farfaɗo. Ya janye robar daga hancinsa, ya ce in buɗe gwangwanin. Fararen ƙarafa ne cike, kowanne da ɗigon fentinsa.

"Da na buɗe kulocin farko, jajaye na tarar," in ji shi. "Na buɗe na biyu, jajaye. Duka haka."

Na ce ko kuskure aka yi wajen lodi. Ya girgiza kai. Ya ce shi ya sa farare, shi ya ɗaure. Sai an kwance kowane kuloci an cire an sa waɗansu, kuma jajayen daga Riyad aka hau da su, don babu mai sayar da su a can.

"Aikin wuni guda ne, Bashari. Kuma ya yi shi tsaf, yadda na koya masa."

Ya nemi fararen sama da ƙasa bai gani ba. Ya kira Ghali, ya ce bai san inda suke ba. Dole ya zauna ya riƙa gurzar jajayen da magagari, ya ɗaura, ya hau dutse ya gwada, ya sauko ya sake gurza. A haka ciwon ya kama shi, a haka ya gama aikin. Ranar da zai taho, yana naɗe katifar da Ghali ya kwana a kai, ya ga gwangwanin a ƙarƙashinta. Da ya same su tun ranar farko, da bai kwana a Abha ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ya riƙe mini riga ya ce in zauna, ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada Hajjo ta ji. Mijinta zai tafi, kada ta rasa ƙaninta a rana ɗaya. Na ce wannan ba adalci ba ne. Ya ce bai ce adalci ba ne, ya ce in yi alkawari. Na yi, ina jin kamar na haɗiye garwashi. Na tambaye shi ko ya yafe.

"Ban yafe ba tukuna," in ji shi. "Ina ƙoƙari."

Ina fitowa na yi kiciɓis da Ghali a baranda, ya riƙo ledar lemo da ayaba. Na nuna masa gwangwanin. Ya dube shi, ya dubi ƙasa. Na ɗauka zai musa, wallahi da ya musa da na fi samun sauƙi.

"Malam Bashari, ni na ɗauka zai faɗa wa Abu Mish'al ba shi da lafiya," in ji shi. "A sallame shi ya koma gida ya huta. Ni ban ce ya hau ba."

Na ce to da ya hau fa, da ya kira ka yana tambayar fararen? Sai ya ce yana da 'ya'ya ƙanana. Na ce masa abincin da 'ya'yan suka ci bara ma daga kwanon mutumin nan ya fito. Ya miƙo ledar wai in shigar masa, na bar shi da ita a hannu. Da na koma na gaya wa Badamasi Ghali yana waje, sai ya mayar da robar hancinsa ya juya wa ƙofa baya.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Ina wurin aiki, Munirat ce ta kira ni. Ta ce bai sha wuya a ƙarshe ba, ta laƙƙana masa kalmar shahada ya amsa. Ban sani ba ko ya gama ƙoƙarin da ya ce yana yi.

A nan Riyad aka binne shi bayan la'asar. Ghali ne ɗan'uwa, don haka shi ya sa hannu aka ba da gawa, shi ya shiga kabari, shi ya tsaya 'yan Najeriyar Al-Sulay suka yi layi suna yi masa ta'aziyya. Ya yi kuka sosai, kuma na san ba na ƙarya ba ne, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Abu Mish'al ma ya zo, ya rungume shi yana cewa Badamasi ya bar magaji. Baburan Abha kuwa an ce suna hawa dutse kamar awaki.

Hajjo ta kira ni bayan kwana uku. Ta yi mini godiya, ta ce abin da ya sanyaya mata zuciya shi ne bai rasu cikin baƙi ba, ƙaninta yana kusa da shi. Ta ce in taya ta yi wa Ghali addu'a, Allah ya saka masa da abin da ya yi wa mijinta. Wannan addu'ar kam na amsa mata da amin.

Kafin wata ya ƙare an sabunta iƙamar Ghali. Ɗakin Badamasi ya fi nasa iska, sai mai kula da gidan ya ba shi. Ya share ko'ina, amma garin ƙarfen da ya shige tsagar siminti a bakin ƙofa ya ƙi fita, in rana ta fito yana ƙyalli.

Juma'ar farko na farka da wuri, ba ƙarar magagari, na kasa komawa barci. Gwangwanin yana kan tagata. Can na ji atishawa ta bayan bango, na ji an ce alhamdu lillahi, sannan aka yi shiru kamar ana jira. Na gyara kwanciya, na zuba wa gwangwanin ido har aka kira sallar Juma'a.