Baturen Dajin Dramani

Garzali bai gama wanke hannu daga abincin bayan sallar Juma'a ba wayarsa ta yi ƙara. Ajaratu ce, ƙanwar abokinsa Dramani, wadda take aikin goge-goge a wata makaranta a Abu Hamour. Ba ta saba kiransa ba, kuma ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce yayanta ya fita tun da asuba da wata farar motar aro, bai gaya mata komai ba illa za shi sahara. Ɗazu ya turo mata saƙon murya, daga nan kuma wayarsa ta daina shiga. Ta tura wa Garzali saƙon ya ji da kunnensa.

Muryar Dramani ce, da Hausarsa ta mutanen Zangon Kumasi wadda mota namiji ce a cikinta. "Ajara, mota ya nutse a laka. Kar ki damu, na san abin da zan yi."

Garzali ya sake saurare. Nutsewar motar ba ta dame shi ba, ai shi kansa motarsa ta sha nutsewa. Maganar ƙarshen ce ta tayar masa da hankali. Ya san inda Dramani ya koyo abin da yake ganin ya sani.

Abin ya samo asali ne tun lokacin korona, sa'ad da aka rufe gari, aka bar shi da Dramani da wasu mutum biyu, su huɗu a ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport suna kallon juna. Kantin da Dramani yake gadi ya rufe, masu yawon buɗe ido da Garzali yake kaiwa sahara sun daina zuwa. A wannan zaman ne Dramani ya gano wani shirin talabijin a wayarsa. Wani Bature ne ake sauke shi daga jirgi mai saukar ungulu a tsakiyar daji ko hamada, da wuƙa ɗaya da guntun igiya, ya yi ta tafiya da ƙafa yana gasa ƙadangare, yana matse ruwa daga saiwa, har ya fito bakin titi. Sunansa ya yi wa 'yan ɗakin wuyar faɗa, suka sa masa Baturen Daji. Dramani kuwa ya riƙe shi kamar malamin zaure. Da aka buɗe gari ya tara 'yan Zango da wasu 'yan Najeriya, duk Juma'ar hunturu su fita bayan gari su kafa tanti. Sai ka ga ƙato yana gumi yana ƙyasta dutse don ya hura wuta, alhali ashana tana aljihunsa.

Ƙungiyar nan ta rabu biyu a kan Baturen. Wasu sun rantse jarumi ne, wasu suka ce ɗan wasan kwaikwayo ne kawai, kuma shugaban masu wannan ra'ayi Garzali ne. Yana da hujjarsa. Ya taɓa tuƙa wasu masu ɗaukar irin wannan shiri, ba ma na wannan Baturen ba, na wani ne daban. Da idonsa ya ga an fesa wa mai gabatarwar ruwa a fuska don ya zama gumi, ya yi birgima a yashi yana nishi, da aka ce a tsaya sai ya shige mota mai sanyi ya buɗe lemo, da yamma kuma aka mai da shi otal. Tun daga ranar Garzali ya yanke musu hukunci gaba ɗaya. In Dramani ya kunna shirin, sai ya ɗan leƙa, ya jira inda Baturen ya fara haki, ya kwashe da dariya ya tashi ya bar ɗakin. Labarin lemon nan kuwa ya ba da shi har 'yan ɗakin suka haddace.

Dramani ma ya samu sandar dukan Garzali da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya da za a yi a ƙasar da suke aiki. Kullum sai ya tambayi Garzali wace ƙasa zai aro ya goya wa baya. Ya kuma yi wa mutanen Zango da za su zo kallon ƙwallo alkawarin zai kai su Kor Al-Udaid, can kudu, inda teku yake shigowa tsakanin tuddan yashi. Ran Laraba ya ɗan taɓo maganar yana son ya je ya duba wurin tukuna. Yana magana yana kallon Garzali, kamar mai jiran a ce masa a tafi tare. Garzali ya ce ai ba ya bukatar kowa, ya tafi da Baturensa ya nuna masa hanya. Aka yi dariya. Dramani ma ya yi, amma bai sake tayar da zancen ba.

Yanzu ga shi watan Satumba ne, rana tana dukan ƙasa, kuma mutumin yana can shi kaɗai da mota ɗaya.

Garzali ya ce wa Ajaratu ta kira 'yan sanda ta faɗa musu duk abin da ta sani, ta ambaci Kor Al-Udaid. Ya kira Iliasu, abokin aikinsa a kamfanin yawon saharar, don ba a shiga yashi da mota ɗaya. Iliasu bai yi tambaya mai yawa ba, ya ce yalla, wato su tafi, su haɗu a hanyar Wakra. Suka loda ruwa da igiyar jan mota da shebur.

Duk hanyar an ƙawata ta da tutocin ƙasashe, ma'aikata suna ta rataya allunan gasar duk da zafin. Garzali bai ga ko ɗaya ba. Abin da yake gani a zuciyarsa shi ne Dramani ya ɗaura rawani da rigarsa, ya ɗauki gorar ruwa, ya dubi rana ya zaɓi gabas, ya kama tafiya kamar yadda gwaninsa yake yi. Duk direban sahara ya san mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, tana da madubi, tana da taya. Mutum kuwa da ya haura tudu biyu ya ɓace, iska ta share sawunsa. Garzali ya taɓa shiga neman wani lebura da ya bar motarsa a irin wannan wata. Motar suka fara samu, da ruwa a cikinta. Mutumin sai washegari, kuma bai yi nisa ba. Ya yi ƙoƙarin korar wannan tunani da salati, tunanin ya ƙi tafiya.

Ajaratu ta sake kira suna wuce garin Misa'id. Ta ce 'yan sanda sun ce sun tura mota, amma wurin yana da faɗi, suna tambaya ko akwai wanda ya san daidai inda ya nufa. Sai ta ce, "Yaya Garzali, kai ne abokinsa. Bai gaya maka ba?"

Ya ce bai gaya masa ba. Ya ji kunya ta rufe shi a cikin motar da babu kowa sai shi.

A Silain, inda kwalta take ƙarewa, suka tsaya suka rage wa tayoyi iska. Don gaggawa, Garzali har ya yar da murfin bututun taya sau biyu. Ya tambayi mai hayar raƙuma da yake kwance a rumfa ko ya ga wata farar mota ta shiga da safe da baƙin mutum ɗaya a ciki. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce fararen motoci ai su ne duk motocin ƙasar.

Suka shiga yashi. Garzali a gaba, Iliasu yana binsa. Tunda Dramani ya ce laka, to sabka ce ta kama shi, wato filin gishirin nan da yake shimfiɗe kamar busasshen fili, alhali ƙarƙashinsa taɓo ne. Baƙon direba yana ganinsa sai ya ji daɗi ya bar wahalar tudu ya hau, sai motar ta zauna har ƙirji. Matsalar ita ce sabka ba ɗaya ba ce a wannan yanki, kuma wasunsu ruwan teku yana malalowa kansu in ya cika.

Suka duba ta farko, babu komai. Suka hau wani dogon tudu suka kashe injuna, suka danna hon, suka kasa kunne. Iska ce kawai take kwasar yashi tana watsa musu a ƙafa. A ta biyu Garzali ya hango sawu ya fito da gudu, ashe na raƙumi ne. Wayarsa ta daina samun layi, ko muryar Ajaratu da take ƙara masa tashin hankali yanzu ya rasa ta. Ya dubi rana ya ga ta karkata, inuwar tuddan ta fara tsawo. Ya san in duhu ya yi sai dai su koma su jira gobe.

A ransa ya tsine wa Baturen Daji. Mutum yana kwana a otal, yana koya wa talakawa yadda za su kashe kansu. Ya yi alkawarin in Allah ya sa aka samu Dramani da rai, da hannunsa zai goge shirin nan daga wayar. Can ƙasan fushin kuma akwai wata magana da ba ya son ji, cewa ba Baturen ne ya yi dariya ran Laraba ba.

Iliasu ne ya danna hon ya nuna kudu maso yamma. Wani siririn baƙin hayaƙi ne yake tashi, iska tana kwantar da shi. Garzali ya fara ɗauka na masana'antun Misa'id ne, sai ya tuna sun bar su a baya. Babu abin da yake yin irin wannan baƙin hayaƙi a sahara sai roba.

Yadda Garzali ya sauko daga tudun da suke kai, da maigidan kamfani ya gani da ya karɓe makullin. Suka zagaya wani lungu sai ga farar motar a tsakiyar sabka, ta nutse har ƙofa. Can gefe, nesa da ita kaɗan, tayar ko-ta-kwana ta motar, wato safaya, tana ci da wuta, saura waya da toka. Garzali ya tsaya a bakin busasshen yashi ya taka da ƙafa, taɓo yana kama takalminsa. Ya leƙa ta taga. Babu kowa a kujerar direba, babu kowa a baya. Ya ce a ransa shi ke nan, ya kunna wutar ya gaji da jira ya tafi.

Sai ya ji tari daga ɗaya gefen.

Dramani yana kwance a inuwar motar. Ya maƙala tabarmar tanti a saman ƙofa ya ja ta ƙasa ta zama rumfa, ya shimfiɗa tabarmin ƙafa na motar ya kwanta a kai. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, ga gorar ruwa kusa da kansa da ɗan saura a gindinta. Madubin gefe da ya ɓalle yana kan ƙirjinsa. Ya dubi Garzali ya yi ƙoƙarin murmushi.

Garzali ya durƙusa ya tallafi kansa, ya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, Iliasu yana jiƙa rawani yana ɗora masa a wuya. Da numfashin Dramani ya daidaita, Iliasu ya koma kan tudu neman layi don ya sanar da Ajaratu da 'yan sanda. Garzali ya zauna a taɓon, bai ma damu da wandonsa ba. Daɗi da sauran tsoro suka haɗu suka sa bakinsa ya koma halinsa.

"Alhamdu lillahi da ka yi hankali, ɗan Zango. Wallahi duk hanya ina cewa ka bi na Baturenka ka taka da ƙafa. Wa ya gaya maka ka zauna da mota?"

Dramani ya lashi leɓensa. "Shi."

Garzali ya ce wane shi.

"Baturen Daji mana. Kowane shiri, in ya ƙare, yana juya kyamara ya nuna mutanensa, da mota, da likita. Ya ce shi yana tafiya ne don suna bayansa. Ya ce kai da kake kallo, in motarka ya mutu, kar ka bar shi. Ka yi inuwa, ka ƙona taya, ka jira." Ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Chale, abokina, kai ba ka taɓa zama ka kalla har ƙarshe ba."

Garzali ya buɗe baki, labarin lemon ya zo masa har kan harshe, ya ga ba shi da inda zai ajiye shi. Ya dubi tayar da take ƙarasa cinyewa, wadda ba don ita ba da yanzu suna can suna zagaye wata sabkar. Ya ƙara miƙa masa gorar.

Dramani ya kurɓa, ya mayar da kansa kan tabarmar ya lumshe ido. Ya ce abu ɗaya ne cikin maganar Baturen bai bi ba. Mutumin yakan ce kafin ka fita, ka samu wanda ya san hanya ka gaya masa daidai inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Garzali ya tambaye shi me ya hana shi, ko da yake ya riga ya san amsar.

"Mutum ɗaya na sani wanda ya san hanya," in ji Dramani, idonsa a rufe. "Kuma dariya zai yi."

Daga kan tudu Iliasu yana ɗaga hannu, alamar ya samu Ajaratu. Garzali bai ɗaga nasa ba. Ya sake jiƙa rawanin, ya matse, ya shimfiɗa shi a goshin abokinsa.