Kurkunun Gwadabe

Shekarar da aka kwashi mazan ƙauyen zuwa aikin hanyar jirgin Nguru, a ita kurkunu ya fito wa Gwadabe a idon sawun dama. Ya kuwa iya zaɓen lokaci, la'ananne. Shinkafa ta tsiro a fadamarsa da ke bakin kogin Hadejia, ciyawa ta tsiro tare da ita, kuma in ba a nome ta kafin kogi ya kawo ba, ciyawa za ta shaƙe ta a cikin ruwa, abincin shekara ya tafi ke nan. Masunta sun ce saura kwana goma sha biyu, in ya daɗe. Gayya kuwa wa za ka kira? Rabin maza suna aikin Nasara, sauran kowa yana jan tasa ƙafar.

Gwadabe fa ba mutumin zama ba ne. Ko tuwo a tsugune yake ci. Ga shi yanzu an girke shi a kan tabarma gindin tsamiya, ƙafa a miƙe, fartanya a jingine tana kallonsa.

Kullum da hantsi Yakaka takan zo, wata tsohuwa Babarbariya da duk kurkunun ƙauyen ta hannunta yake fita. Ta kama farin kan tsutsar da ya leƙo, ta naɗe shi a jikin tsinke, ta murza sau ɗaya, ta tsaya. Ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma.

"Shi ke nan na yau?" in ji Gwadabe.

"Shi ke nan."

"Iya, ai ko tsawon gaɓar yatsa bai kai ba."

"Abin da ya bayar shi ake karɓa, ɗan nan. Ka ja shi ya tsinke, ba ruwana."

"Kwana nawa?"

"Wani wata guda, wani ya fi." Ta ɗauki sandarta ta nufi gida na gaba.

Shekara arba'in yana taka ƙafar nan bai taɓa sanin yana da idon sawu ba. Tafiya kawai yake yi, ƙafa ta kai shi. Yanzu kuwa duk inda ya aika hankalinsa sai ya dawo nan. Ya tayar da salla a zaune, kafin ya kai ƙarshen Fatiha zugin ya kira shi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗora ƙafar a kan turmi, ya sauke. Daga tabarma zuwa bakin randa taku shida ne, amma ya zama tafiyar da sai an yi shawara. Wani lokaci ya zuba wa ƙafar ido yana jin haushinta kamar ta wani ce aka ba shi ajiya.

Matarsa 'Yar'azumi, da cikinta wata takwas, ta tsuguna da ƙyar ta ce, "Malam, wai yaya kake jinsa?"

Ya ce, "Wuta." Ta gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya fi ciwon ba shi haushi, don wutar da ta sani ta murhu ce, wadda kake janye hannu ta bar ka. Ya nemi wata kalmar ya rasa. Ga ta nan kusa da shi har yana jin numfashinta, amma ko ƙwayar gero ba ta ɗauke masa ba daga abin da yake ji. Ranar ya ji kaɗaici irin wanda bai taɓa ji ba, ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Kwana na bakwai wani masunci ya wuce ta ƙofar gida yana cewa ruwa ya fara canza launi, ya taho da kumfa. Gwadabe ya kwance tsumman. Ya dubi abin da ya taru a tsinke, ya ƙiyasta abin da ya rage a ciki, ya ga lissafin ba zai fita ba. Ya murza sau ɗaya, tsutsar ta biyo. Ya sake, ta biyo. Sai ya ce ashe tsohuwar nan jan rai kawai take yi masa. A na uku ya ji ta yi tauri, ya cije leɓe ya ƙara ƙarfi. Tsinken ya zo masa a hannu sakayau, tsutsar ta tsinke, sauranta ya koma ciki.

Kafin la'asar ƙafar ta kumbura har gwiwa. Yakaka ta zo ta duba, ba ta yi faɗa ba, ta ce a ɗora ruwan zafi. Daga nan Gwadabe bai ƙara sanin kwanaki ba. Zazzaɓi, mugunya, wanzami da askarsa, hannuwan mutane suna danne shi. Ya san dai akwai sa'ar da zugin ke hawa da sa'ar da yake ɗan sauka, a tsakaninsu yake zaune, yana jiran na gaba.

Wata safiya ya farka ya ji kukan kurciya sosai, ya ji ƙamshin kunu, har ya ji yunwa. Ya yunƙura ya zauna.

"'Yar'azumi, miƙo min fartanya in gwada tsayuwa. Ko da rarrafe ne yau sai na leƙa fadama."

Ta fito daga ɗaki da jinjiri a kafaɗa. Ya bi jinjirin da kallo.

"Malam, yau kwana goma sha tara da ruwa ya shiga. Ko kan shinkafar ba a gani."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Ni na gaya maka, da bakina, a ranar. Na gaya maka wannan ma da ya zo, kai ka ce a sa masa Adamu."

Ya yi ta lalube a cikin kansa, bai sami komai ba.

"Da kika ce ruwa ya shiga, me na ce?"

Ta gyara wa yaron kwanciya, ba ta dube shi ba.

"Cewa ka yi in matsar maka da ƙafar, tabarma tana taɓa ta."