Igiyar Tsoho Lachlann

A Badnacreig ɗaure yara ake yi. Tun da mai ƙasa ya kori mutane daga kwari ya zuba tumaki, ya jibge mutanen a kan wannan tsirin dutse da ya leƙa teku, kowace uwa ta san aikinta: in za ta sauka gyaran kifi, sai ta ɗaura wa ɗanta igiya a ƙugu ta kafe a turke, don iskar wurin ba ta san yaro ba. Shekara arba'in ke nan ana haka.

Marsali ba ta da ɗa. Ubanta take ɗaurewa.

Tsoho Lachlann ya fara rikicewa tun bara. Sau biyu ana kamo shi yana tafiya ba takalmi. Abin da take tsoro ɗaya ne, ta dawo wata rana ta tarar ya faɗa teku.

"Marsali, ni akuya ne?" Kullum sai ya tambaya.

"Akuya ta fi ka jin magana, Baba. Ɗaga hannu."

"Wannan ƙullin ni na koya miki."

"To ka koya mini da kyau."

Tana dariya, amma kunya kamar ta kashe ta. Yana zaune jikin turke kamar kullum, ya ba teku baya, yana kallon tudu. Bai taɓa son tekun nan ba. Manomi ne, da ƙarfi aka mai da shi masunci, kuma ruwan ya cinye masa 'ya'ya maza biyu.

Ran nan kifi ya zo da yawa, mata suka wuni a bakin ruwa, gishiri na cin yatsunsu. Da yamma ta hau gida. Turke na nan. Igiyar kuma an naɗe ta tsaf an ajiye a gefe, naɗin mutum mai cikakken hankali.

Ta ruga bakin dutse ta leƙa. Kumfa kawai take gani.

Maƙwabciyarta Beathag ta riƙe ta. "Taho, 'yar'uwa, kada ki bi shi. Teku ta karɓa."

Ba wanda ya yi musu. A garin nan duk wanda ya ɓata, ruwa ne ya ɗauke shi, ba su san wata irin ɓata ba. Maza suka fitar da jirage biyu, suka bi gindin dutse, kogo bayan kogo. Mata suka jeru a sama suna duban inda igiyar ruwa ke yar da kaya. Kwana uku idon kowa na kan teku. Ba wanda ya waiwaya.

A rana ta huɗu wani makiyayi ya sauko daga tudu da doki, an ɗora wani abu a lulluɓe da bargo.

"Naku ne wannan?" ya ce. "A kwari na same shi, cikin kangon wani gida, zaune kan dutsen murhu. Shekaranjiya ma na hango shi yana ta kore tumaki daga ƙofa, na ɗauka mai yawo ne. Jiya da safe da sauran numfashi. Sanyi ne ya kashe shi."

Marsali ta ƙirga kwanakin. Shekaranjiya tana bakin dutse tana kiran sunansa cikin ruwa. Kwarin da aka kore su daga cikinsa kuwa tafiyar rabin yini ce, hanya ɗaya tak, kuma shekara guda cur yana zaune jikin turke yana nuna mata ita da fuskarsa.

Ta buɗe bargon. Tafin ƙafarsa duk ya tsage. A hannunsa akwai tsohon mabuɗin ƙofa, wanda ta sha gani rataye a wuyansa ba ta taɓa tambaya ba.

Beathag ta ce a hankali, "Wa zai yi tunanin can?"

"Shi," in ji Marsali. "Kullum."